Hattara da mai gyaran da ke cewa "bod ya ƙone"

Jama'ar Sakkwato, musamman ɗalibai, ku yi hattara da wani salon damfara a wurin wasu masu gyaran laftof: sai su ce muku bod, wato babban allon da sassan kwamfuta ke haɗe a jikinsa, ya ƙone.

Ƙanwata ɗaliba ce a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A watan Afrilu, tana tsakiyar rubuta furojet, HP ɗinta ta fara mutuwa da kanta in ta ɗan jima tana aiki, ƙasanta kuma kamar dutsen guga. Ta kai wani shago a cikin gari, aka ce ta bar ta ta dawo jibi. Da ta koma sai mutumin ya girgiza kai: "Hajiya, wanga bod ya ƙone, gyaranshi ya fi kuɗin kwamfutar. Ki bar min ita in ba ki wani abu, ki cika ki sayi wata." Watar kuma ga ta nan a kan teburinsa, ya riga ya goge ta.

Allah ya sa ta kira ni kafin ta amsa. Muka karɓo ta muka kai wa wani, ya kwance ta a gabanmu. Ƙurar hunturu ce ta daskare a fanka kamar auduga, man da ke tsakanin furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) da ƙarfen sanyaya shi ya bushe. A garin da zafi ke haura digiri 40, dole na'ura ta kashe kanta don kada ta ƙone. Ya share, ya sa sabon mai, ta tashi garau. Sai dai RAM ɗin (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) da muka sani giga 8 ya koma 4. An zare sandar RAM guda a shagon farko, kuma ba mu da shaidar da za mu kama shi da ita.

Kafin ku miƙa kwamfuta, ku buɗe Task Manager (manhajar Windows da ke nuna kayan aikin cikin kwamfuta) ku ɗauki hoton girman RAM da na SSD (ma'ajiyar fayilolinku), ku ɗauki lambar da ke jikin batir in ana iya ganinta. A kwance ta a gabanku. Wanda ya ƙi, ku ɗauki kayanku.

Fanka, kibod, ramin caja, batirin da ya kumbura, har sikirin da ya fashe, duk ana canza su kuma gyaran yakan ci kuɗinsa. Bod ne kaɗai abin tunani, shi ya sa suke fakewa da shi. Ko da gaske shi ne, ku nemi mai gyara na biyu. In kuma furosesar Intel ɗin ba ta kai zubi na 8 ba, Windows 11 ba ya karɓarta a hukumance, ga shi Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025. Irin wannan ni ba zan saya mata sabon bod ba. Amma ko za ku sayar da ita a matsayin gawa, ku zare SSD ɗinku tukuna, hotunanku da takardunku duk suna ciki.