Ajin nazarin zunubi da ceto ta wayar salula: yadda na same shi daga Dammam

Akwai wani aji na nazarin koyarwar Kirista da wani fasto mai ritaya yake gudanarwa daga Jos ta intanet, da Hausa zalla, domin 'yan Arewacin Najeriya da aiki ya kai ƙasashen Larabawa. Zangon da aka kammala kwanan nan, wanda na kasance cikin ɗalibansa daga nan Dammam, an keɓe shi ne kacokan ga batun zunubi da ceto da aikin da Allah ya yi ta wurin Yesu Almasihu. Ba zan ambaci sunan malamin ko na ajin ba, domin a Saudiyya babu majami'a a fili, doka kuma ta hana yi wa Musulmi wa'azin wani addini, saboda haka masu ajin ba sa tallata shi, ba sa kuma karɓar kowa sai wanda wani tsohon ɗalibi ya shaida cewa Kirista ne. Yawancinmu ma'aikatan jinya ne da masu gwaje-gwaje a asibiti, da 'yan injiniyoyi daga Jubail, mutanen Filato da Kudancin Kaduna da Adamawa da Gombe, kowa da yarensa, amma Hausa ce harshen sujadarmu tun muna yara.

Zangon mako 12 ne, kuɗinsa riyal 150 gaba ɗaya, ana kuma haɗuwa ranar Juma'a da dare, tun da Lahadi ranar aiki ce a nan, hutun mako kuwa Juma'a da Asabar. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa 2, don haka malamin, wanda muke kira Baba Fasto, yana zama tun magariba ba ta yi ba a Jos domin kada ya hana masu aikin safe barci. Wanda aikin dare ya kama ana tura masa darasin a saƙon murya, tare da takarda mai shafi biyu ko uku da ta ƙunshi ayoyin da za a karanta. Malamin yana karatu ne daga fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1979, amma idan zance ya yi daɗi sai ya koma haddarsa ta tsohuwar fassarar 1932, abin da kan rikita wanda yake bin ayar a wayarsa.

Makonni uku na farko, waɗanda aka yi a kan zunubi, su ne suka fi kowane sashe ƙarfi, kuma su kaɗai sun isa a ce kuɗin bai tafi a banza ba. Da yawa daga cikinmu mun taso muna ɗaukar zunubi a matsayin jerin laifuffuka, shan giya da zina da sata da zuwa wurin boka, wanda ya kauce musu ya tsira. Baba Fasto ya fara da Farawa sura 3, ya wuce Zabura 51, sa'an nan ya zauna a kan Romawa 5 daga aya 12 zuwa 21 har tsawon darasi guda, yana nuna yadda Bulus ya ajiye Adamu da Almasihu gefe da gefe: ta wurin mutum ɗaya zunubi da mutuwa suka shigo duniya, ta wurin biyayyar mutum ɗaya kuma rai ya zo. Abin da yake so mu gane shi ne, a koyarwar Kirista zunubi hali ne da ya riga aikin mutum, wato zuciya ta karkata tun kafin hannu ya miƙa, kuma wannan ne ya sa gyaran hali kaɗai ba ya isa ceto.

Daga nan ya kawo muhawarar Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, da Felajiyus, wani malami mutumin tsibirin Birtaniya da ya koyar a Roma. Felajiyus yana cewa Allah ba zai umarci mutum da abin da ba zai iya ba, don haka kowa yana da ikon yin biyayya, laifin Adamu kuwa mugun misali ne kawai da zuriyarsa suka bi. Agustin ya ce ɓarnar ta shiga jini, in ba alherin Allah ne ya fara taɓa mutum ba, ko niyyar tuba ba zai yi ba. Taron bishop-bishop na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya yi watsi da koyarwar Felajiyus a 418. Na yaba wa malamin a nan domin bai mai da Felajiyus abin dariya ba. Ya ce mana mutumin ya ga Kiristocin Roma suna fakewa da raunin ɗan Adam suna sheƙe ayarsu, shi ya sa ya tsananta, ya kuma ƙara da cewa rabin wa'azin da ake yi a majami'unmu na gida, idan aka tace shi, ya fi kusa da Felajiyus fiye da Agustin. Ajin ya yi tsit, domin kowa ya tuna da mumbarin garinsu.

Sashe na biyu ya shafi gicciye, da tambayar yadda mutuwar mutum ɗaya take ceton wasu. An bi ta hadayar Ranar Kafara a Littafin Firistoci sura 16, da bawan Ubangiji mai shan wahala a Ishaya 53, da maganar Yesu a Markus 10:45 cewa ya zo ya ba da ransa fansa domin mutane da yawa. Malamin ya bayyana ra'ayin Anselm, babban bishop na Kantabari a Ingila, wanda ya kammala littafinsa a kan wannan batu a 1098: ɗan Adam ne bashin yake kansa amma ba shi da abin biya, Allah ne kaɗai yake da abin biya amma ba shi ake bi ba, saboda haka dole mai biyan ya zama Allah kuma mutum. Don ya kusanto mana da zancen sai ya kwatanta shi da diyya, abin da duk mazaunin ƙasar nan ya sani, tun da har yau dangi da masu hannu da shuni sukan tara kuɗi su kuɓutar da wanda hukuncin kisa ya hau kansa. Kwatancin ya shiga kunne nan take, amma a ganina an bar shi ya yi nisa fiye da ƙima. A diyya wanda aka zalunta daban, mai biya daban, kuma sai an lallashi masu jini kafin su karɓa, alhali 2 Korintiyawa 5:19 ta ce Allah ne da kansa, cikin Almasihu, yake sulhunta duniya da kansa. Wata 'yar'uwa daga Numan ta tambaya, "Baba, to ashe Uban ne mai fushi, Ɗan kuma mai lallashi?" Ya amsa mata da cewa, "A'a, 'yata, ƙaunar Uban ce ta aiko Ɗan," ya kuma karanta Romawa 5:8. Amsar daidai take, sai dai da ba a yi tambayar ba, da mutane sun tashi da gurguwar fahimta, kuma waɗanda suka saurari darasin daga baya a saƙon murya ba su ji ta ba, domin ba a naɗar lokacin tambayoyi.

Nasarar Almasihu a kan mutuwa da ikokin duhu, wadda Kolosiyawa 2:15 da Ibraniyawa 2:14 suke magana a kanta, minti kaɗan aka ba ta. Wannan ya ba ni mamaki daga mutumin da ya yi shekaru yana kiwon ikilisiyoyin karkara, inda tsoron maita da sammu ya fi tsoron hukuncin ranar ƙarshe damun mutane.

Inda ajin ya nuna gidan da ya fito shi ne darasin bangaskiya da ayyuka. An yi bayanin Martin Luta da yunƙurin gyaran ikilisiya da ya faro a Witenbag ta Jamus a 1517, da Afisawa 2:8 da 9, da bambanci tsakanin baratarwa, wato Allah ya lasafta mai zunubi a matsayin mai adalci saboda Almasihu, da tsarkakewa, wadda take tafiya a hankali har ƙarshen rai. An yi shi da kyau ƙwarai. Amma da aka zo kan Katolika, sai aka taƙaita matsayinsu da cewa suna neman ceto ta wurin ayyuka, kamar yadda aka saba faɗa a makarantun Lahadi na majami'un ECWA da COCIN da muka taso a ciki. Wani ɗan'uwa ɗan Katolika daga Shendam ya nemi izini cikin ladabi, ya ce babban taron bishop-bishop na Katolika da aka yi a Tirent, a hukuncinsa na 1547, ya faɗa a fili cewa ba bangaskiya ba, ba ayyukan da suka riga baratarwa ba, babu abin da ya cancanci wannan alherin, kuma ainihin saɓanin yana kan ko Allah yana lasafta mutum mai adalci ne kawai ko kuwa yana sāke shi daga ciki, mutumin kuma yana ba da haɗin kai. Ya kuma tuna mana cewa ranar 31 ga Oktoba 1999, a Ogsbag ta Jamus, Ikilisiyar Katolika da Tarayyar Lutaran ta Duniya sun sa hannu a kan sanarwa guda game da baratarwa, Metodis kuma suka shiga a 2006. Baba Fasto ya saurare shi har ƙarshe, ya gode masa, amma takardar darasin da aka raba ba a gyara ta ba. Wasiƙar Yakubu sura 2, inda aka ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce, ita ma an wuce ta da sauri kamar baƙon da ba a shirya wa ba. Zancen zaɓen da Allah yake yi wa waɗanda za su sami ceto da kuma 'yancin mutum, da mabiyan Kalbin da na Arminiyus suka yi ta ja a kai har taron ikilisiya na Dot, a ƙasar Holan, na 1618 zuwa 1619, an gabatar da ɓangarorin biyu ba tare da ɗaukar gefe ba, kuma na ga hikimar hakan a aji mai 'yan ɗariƙu daban-daban.

Babban ƙorafina shi ne an shirya darasin kamar ana zaune a Bukuru kusa da Jos, ba a duba inda ɗaliban suke ba. Kiristocin da muke aiki kafaɗa da kafaɗa da su a asibitocin nan 'yan Filifin ne, da Indiyawan Kerala, da Kibɗawan Masar, da Habashawa, kuma da yawansu 'yan Ikilisiyoyin Gabas ne, inda aka fi jaddada cewa abin da muka gada daga Adamu mutuwa ce da ruɓewa, ceto kuma warkarwa ce da tarayya cikin ran Allah, kamar yadda 2 Bitrus 1:4 ta nuna, kuma kamar yadda Atanasiyus na Iskandariya, wanda ya rasu a 373, ya koyar. Rabin darasi kawai aka ba wannan. Tarihin da aka bi ya tashi daga Urushalima zuwa Roma zuwa Jamus zuwa Jos, ba a ko ambaci Kiristocin Najran da aka kashe wajen shekarar 523 a kudancin ƙasar nan ba, ko kangon tsohuwar majami'ar da aka gano a Jubail a 1986, 'yar tafiya kaɗan daga inda wasunmu suke kwana.

Duk da haka, darasi na 11 ya san halin da muke ciki. Abokan aikinmu Musulmi, har da Kanawa da Sakkwatawa da muke gaisawa da su da Hausa a wurin cin abinci, sukan tambaye mu yadda za a ce jariri ya gaji laifin wani. Malamin ya kawo matsayin Musulunci da mutunci kuma daidai: Suratul Baƙara aya 37 ta ce Adamu ya tuba an karɓi tubarsa, Suratul An'am aya 164 ta ce babu mai ɗaukar nauyin wani, Suratun Nisa'i aya 157 kuma ta ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a gicciye shi ba. Ya nuna cewa Ezekiyel 18:20 ma ta ce ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba, don haka dole Kirista ya iya bambanta gurɓacewar da aka gada da alhakin abin da mutum ya aikata da hannunsa. Ya gargaɗe mu da cewa wannan domin mu fahimci namu ne, mu kuma ba da gajeriyar amsa idan an tambaye mu, ba domin mu buɗe muhawara a ƙasar mutane ba.

Ta fuskar aiki kuwa, muryar takan yanke idan wuta ta ɗauke a Jos, darasi biyu sai da aka sāke su, kuma takardun suna zuwa ne a matsayin hoto, ba a iya kwafe aya daga ciki. Babu waƙa, babu Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake sha domin tunawa da mutuwar Yesu, addu'a ma gajeriya ce a farko da ƙarshe, saboda haka wanda kewar sujadar Lahadi ta dame shi ba zai sami madadinta a nan ba. Ajin ya dace da wanda ya yi baftisma tun yana matashi, ya haddace Yohanna 3:16, amma bai taɓa zama ya bi Romawa sura 1 zuwa 8 a jere ba. Ɗan Katolika da zai shiga ya riƙe littafin katikizim ɗinsa, wato na koyarwar ikilisiyarsa, kusa, mai aikin dare kuma ya roƙi a naɗa masa har da lokacin tambayoyi kafin ya biya kuɗin.