Mun sayi kekuna 16 'yan Baljiyam don ɗalibai: abin da muka gani bayan shekara guda

Kuɗin keke 25 muka tara, amma 16 muka iya kawowa gida. Da wannan zan fara, domin duk mai shirin sayen kekuna na hannu da yawa a tashi ɗaya, ko don 'yan makaranta ne ko don malaman Islamiyya, a kan lissafin nan zai fara cin tuntuɓe.

Ni ne ma'ajin ƙungiyar tsofaffin ɗaliban firamaren garinmu, wani ƙauye a gefen hanyar Kano zuwa Gezawa. Ba mu da babbar sakandare, sai yaranmu sun yi tafiyar kusan kilomita 8 kafin su isa aji. A da iyaye kan haɗa yara uku su ɗora su a kan acaɓa ɗaya, kowa ya ba da nasa kason. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya faɗa a jawabin rantsuwarsa cewa tallafin mai ya ƙare. Litar da farashinta na hukuma bai kai naira 200 ba ta wuce 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen Yuli kuma ta haura 600. Ɗan acaɓa ya ninka kuɗinsa, kuma ba laifinsa ba ne. Kafin a yi hutun ƙarshen shekara mun ƙirga yara bakwai da suka daina zuwa makaranta gaba ɗaya, wasu kuma sai ranar da aka samu. A taronmu na bayan Babbar Sallah muka yanke shawarar sayen kekuna, mu ba da su aro ga waɗanda suka fi nisa da buƙata. Aka yi karo-karo, 'yan garin da ke Kano da Abuja da Legas suka turo, muka haɗa naira 900,000. Lissafinmu shi ne naira 35,000 kowane ɗaya, saura kuma na mota.

Wannan lissafin da tsohon farashi muka yi shi. Ranar da na shiga wajen masu kekuna a yankin Sabon Gari tare da Baba mai faci, dattijon da ya fi shekara 30 yana gyaran keke a bakin kasuwarmu, keken da ya dace da abin da muke nema daga 55,000 yake farawa. Ma'aikata ne da 'yan kasuwa suke ta ciniki, mutanen da suka jingine babur ko mota suka dawo wa keke. Ga kuma dala, wadda tun da aka saki naira a watan Yuni ta tashi daga wajen 460 ta wuce 700, alhali duk keken da ke wurin da kuɗin waje aka sayo shi. Ƙari a kan haka, bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli an rufe iyaka, kayan da suka saba biyowa ta Maraɗi da Jibiya suka tsaya. Mai saye ya yi yawa, kaya sun yi kaɗan. Ba wanda ya damu da ya rage maka ko sisi, don kana juya baya wani zai ɗauka.

Mun fara gwada na gida, wato kekunan da mutane suka hau suka gaji. Baba ya fi son tsohon Phoenix ko Raleigh, irin masu burkin ƙarfe da taya 28, domin a cewarsa ko jikan mai shi zai hau. Yana da gaskiya, kuma mutanen Kano sun san Raleigh tun lokacin da ake haɗa shi a Bompai. Sai dai masu irin waɗannan ba sa sayarwa a lokacin, sun kakkaɓe su sun koma hawa. Guda biyu da aka kawo mana da araha, babu rasit, babu wanda zai tsaya shaida, mai kawowar ma ya kasa faɗin unguwar da ya samo su. Muka bar su. Kuɗin jama'a ne a hannuna, ba zan sa yaro a kan keken da wata rana wani zai tare shi a hanya ya ce nasa ne ba.

Wani dillali ne ya kai mu wurin Alhajin da wannan sharhi ya fi shafa. Shi ba ya zaman shago, sito gare shi, kwantena yake saukewa ya sayar wa masu shaguna a kan sari. Duk wani keke na hannu da ya fito daga waje ɗan Baljiyam muke ce masa, amma nasa yawanci daga Japan suke, har da 'yar takardar rajistar can manne a jikinsu. Suna zuwa ne a cushe, an cire feda, an karkatar da kai, wasu an cire ƙafar gaba. Na gaya masa abin da ya kawo mu. Ya ce, "Malam, aikin lada ne, zan ba ku a kuɗin sari, amma yadda suke za ku ɗauka, ba na gyarawa. Kuma kaya sai mako mai zuwa." Muka daidaita a kan 45,000, na ba da kafin alƙalami na naira 300,000, ya rubuta mini a takarda.

Mako ɗayan nan ya zama uku. Wannan ne abu na farko da ya ɓata mini rai, domin an koma makaranta yara suna jira, ni kuma kullum sai an tambaye ni a masallaci. Na biyu ya fi ciwo. Da kaya suka iso ya ce kuɗin fito da na mota daga Legas sun ƙaru, sai 48,000. Na ce, "Alhaji, ai mun yi magana, ga rubutunka." Ya ce, "Wallahi Malam, in ka ga dama ga kuɗinka, akwai masu jira a waje." Kuma da gaske akwai su. Ban ji daɗi ba, har yau ina ganin wanda ya karɓi kafin alƙalami ya kamata ya tsaya a kan maganarsa, ko da zai rage riba. Amma da na karɓi kuɗina na koma shago, 60,000 zan biya. Na haƙura.

Inda ya kyauta kuwa, ya kyauta sosai, kuma shi ya sa ban ce kada kowa ya je wurin irinsu ba. Ya kira mu tun da asuba ranar da za a buɗe kaya, ya bar mu muka shiga kafin masu shaguna. A lokacin da ake rububi wannan ya fi ragin kuɗi amfani, domin masu kyau a awa ɗaya ake tsince su, abin da ya rage shi ne ake wankewa a shafa masa mai a jera a bakin titi. Ya kuma rubuta mana rasit ɗauke da lambar jikin kowane keke. Bayan kwana biyu Baba ya gano tsaga a ƙarƙashin sirdin guda ɗaya, inda fenti ya rufe. Muka mayar, ya canza ba tare da musu ba.

Da ba don Baba ba, da na yi asara, domin ni ido na yana kan fenti ne. Shi kuwa ba ya ko kallon launi. Zai ɗaga keke ya juya ƙafa ya ga ko tana rangaji, ya matsa wayoyin ƙafar biyu-biyu da yatsa, ya riƙe feda ya girgiza ya ji ko boris ya ci, ya tsaya ta gaba ya rufe ido ɗaya ya duba ko an taɓa buga cokalin gaba. Akwai wani ja mai sheƙi, mai sifirin gaba da baya, na ɗauko ina murna. Ya ce, "Ɗana, ajiye. Wannan alminiyam ne. In ya tsage mai waldar garinmu ba zai iya masa komai ba. Na ƙarfe ko ya karye biyu za a ɗinke shi." Haka muka fito da 11 irin na zirga-zirgar gari na Japan, masu kwando a gaba da kariya a baya da murfin sarƙa, sai 5 masu giya da faffaɗar taya, irin na hawan dutse. Biyar ɗin nan ba zaɓinmu ba ne, sharaɗin Alhaji ne cewa ba za mu kwashe masu saurin fita mu bar masa sauran ba.

Ga yadda kuɗin ya tafi: 768,000 na kekuna, 16,000 la'adar dillali, 25,000 na a-kori-kura zuwa gida. Naira 91,000 da ta rage gyara ya cinye ta tas: taya 9, tiyub 14, robar burki, wayar burki, giris, da ladan Baba. Ke nan kowane keke ya tsaya mana sama da 56,000 kafin yaro ya ɗora ƙafa a kai. Tayoyin da suka zo da su suna da zane kamar sababbi, amma roba ce da ta daɗe a ajiye, gefenta duk ya tsattsage, rana ɗaya ta Kano ta ishe ta.

A kan taya akwai abin da nake so mai karatu ya riƙe, don mu sai da muka yi asarar zuwa Kano sau biyu kafin muka gane. Lambar 26 iri biyu ce. Ta keken Japan an rubuta 26 x 1 3/8, ta mai giya kuma 26 x 1.95 ko makamancin haka, kuma ɗaya ba ta shiga ƙafar ɗaya, domin ta Japan ta fi faɗin da'ira da kusan santimita 3. Wasu na Japan ɗin ma 27 ne. Bawul ma haka: na Japan irin na tsofaffin kekunanmu ne mai 'yar roba a ciki, na masu giya kuma irin na babur ne. Wanda zai sayi keke da yawa ya yi ƙoƙari su zama masu taya iri ɗaya, kuma kafin ya biya ya tambayi mai kayan gyara mafi kusa da garinsu wace lamba yake ajiyewa.

Yanzu shekara guda ke nan, sun ga damina sun ga hunturu. Cikin 11 na Japan, 10 suna kan hanya kullum. Ban taɓa zaton za su jure haka ba, domin don kwalta aka yi su. Murfin sarƙar nan ya hana yashi shiga, ya kuma hana wando ko hijabi laƙewa. Da yake gangar jikinsu a sunkuye take, 'yan mata huɗu da iyayensu suka amince suna hawa ba tare da wata wahala ba, kuma biyu daga cikinsu suna cikin bakwai ɗin da suka daina zuwa. Kariyarsu tana ɗaukar ƙani a baya. Fitilarsu da juyawar ƙafa take kamawa, ba ruwanta da batir. Aibinsu shi ne siririyar taya: inda rairayi ya yi zurfi sai an sauka an tura, kuma tsidau yana huda ta ba kaɗan ba, a watan farko kusan kullum sai an yi faci. Baba ya yanka tsofaffin tiyub ya shimfiɗa a cikin tayoyin, abin ya ragu ƙwarai. Makullin da ke manne a ƙafar baya kuwa yawancinsu babu ɗan makulli, sai cirewa muka yi. Guda ɗayan da ya kwanta mai giya uku ne a cikin cibiyar ƙafar baya, ƙirar Shimano. Tana da daɗin hawa, amma da ta lalace ba mu samu mai buɗe ta a kusa ba, yanzu muna neman ƙafa marar giya mu sa masa.

Masu giya biyar ɗin su ne suka sha mana kuɗi. A rairayi sun fi, wannan gaskiya ne, kuma samari sun fi son su. Amma abin canza giyar a waje yake rataye, keke yana faɗuwa ta dama sai ya lanƙwashe, ƙurar hunturu kuma ta haɗu da mai ta zama kamar magagari mai cin sarƙa. Uku daga ciki Baba ya cire musu kayan giyar, ya rage tsawon sarƙa, ya mayar da su gudu ɗaya, tun daga nan suka zauna lafiya. Ɗaya yana nan da giyarsa domin yaron da ke riƙe da shi mai kula ne. Na biyar an sace shi a bakin wani shago ranar kasuwa, kuma duk da lambar da ke rasit ba mu same shi ba.

Wani ɗan ƙungiyarmu da ya zauna a Kumasi ne ya ba mu labarin Village Bicycle Project, masu kai kekuna na hannu ƙauyukan Gana tun 1999, waɗanda suke haɗa ba da keke da koyar da gyara na yini guda. Muka kwaikwaya. Ranar wata Asabar Baba ya zaunar da yaran a ƙarƙashin darbejiyar firamare, kowa ya cire ƙafa ya mayar, ya yi faci da hannunsa, ya ɗaure burki. Muka sayi famfo biyu da sifana muka ajiye a gidan mai unguwa. Kowane yaro yana kawo naira 200 a wata, da ita ake sayen gam da roba. Rabin abin da ya sa kekunan suka kai yau daga wannan yinin ne.

Ko zan koma wurin Alhaji? Zan koma, domin shiga kafin masu shaguna da rasit mai lamba ba a ko'ina ake samu ba. Amma wannan karon sai an rubuta farashi da ranar ba da kaya a gaban shaidu biyu, kuma ba zan karɓi mai giya ba ko da zai ƙara mini 2,000 a kan kowane na Japan. Zan kuma ware kashi ɗaya cikin goma na kuɗin tun farko don gyara, in je a tsakiyar zango, ba dab da komawa makaranta ba lokacin da kowane uba yake nema. Yara tara ne a rubuce suna jira, biyar daga cikinsu mata, kuma abin da ke asusu yanzu bai wuce na keke huɗu ba a farashin bana.