Me zan saya in sa biron akirilik ya yi ƙyalli?

'Yan uwa masu juya biro a inji, wato sassaƙa jikin biro yana juyawa a kan injin, nan Jidda da Makka, musamman masu shirin kayan tsaraba kafin alhazai su iso, tambayar nan ta yi yawa, wai wane mai ake shafa wa akirilik. To ni dai a ganina kar ka ɓata riyal ɗinka kan abin shafawa. Akirilik roba ce, ba ta shan komai kamar katako, ƙyallinta a jikinta yake, goge ta kawai za ka yi har ya fito.

Don haka kuɗin ya fara tafiya kan sandfefa. Ka samu mai jure ruwa lamba 400 da 600, sannan ka sayi Micro-Mesh, ƴan soso ne guda 9 daga 1500 har 12000, kowanne da kalarsa. Da ruwa ake yi, inji na tafiya a hankali, don in ya ɗau zafi robar narkewa take ta yi dabbare-dabbare. Bayan kowace lamba ka kashe injin ka goga ta tsawon biron, wannan ne ke kashe zoben layukan nan da kake gani in ka ɗaga shi a hasken waya, kuma kar ka tsallake lamba don sauri wallahi a ƙarshe sai ta tona maka asiri. Ka shimfiɗa leda a ƙasa, ruwa na sa gadon injin tsatsa, balle Jidda da damshinta.

Sai man gogewa. Novus kwalba uku ne, 3 na babban karce, 2 na ƙanana, 1 na share ƙura, kuma in ka kai 12000 to 2 kaɗai ta ishe ka. Sai dai yawanci odarsa ake yi ta intanet. Wanda ba ya son jira ya leƙa shagon kayan mota ya nemi man wanke fitilar gaba irin PlastX na Meguiar's, ai fitilar ma roba ce, aikin kusan ɗaya. Ɗigo kaɗan a tishu mai kauri, ba tsumma ba, tsumma in ya naɗe a inji da yatsanka zai tafi.

Faifan bafin, wato faifan ƙyalle mai juyawa da ake goge kaya da shi, mai sabulun gogewa na Tripoli da farin nan White Diamond, ya fi sauri in kana yin da yawa, amma kuɗi ne, kuma yana fizge biro daga hannu ya maka shi da bango. Mai yin biyu uku a sati bai buƙace shi ba.

Sufa gulu fa? Na katako ne, can yana da amfani sosai. A kan akirilik wahala ce kawai, ga hayaƙi mai yaji a ido a ɗakin da aka rufe saboda mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ga shi damshi na sa shi ya yi fari-fari, in biro ya faɗi kuma ya ɓare a baki. In akwai ɗan rami ne sai ka ɗiga ka cike, shikenan. Shi ma man shelak, mai sa katako ƙyalli, da ake shafawa inji na gudu ka bar shi, ranar farko kamar madubi, gumin hannu na taɓa shi ya dushe.

Kakin ƙarshe ganin dama ne. Na zuma kam a'a, wajen digiri 62 zuwa 64 yake narkewa, tun kafin nan ma ya yi laushi yana kama ƙura, ka tuna yadda mota ke zama in an ajiye ta a rana a watan Yuli. Karnuba, kakin ganyen wani icce, ya fi shi juriya, sai ya haura digiri 80 yake narkewa. Renaissance Wax ya fi hana shatin yatsa, ƙaramin gwangwani zai daɗe maka.

In ka miƙa wa mai saye, ka gaya masa kar ya fesa turare a kai ko ya goge da sanitaiza, sinadarin alkohol na sa akirilik ya yi ƙananan tsaga, kuma mutanenmu kun san mu da fesa turare a gaban aljihun jallabiya, daidai inda biron yake.