LC-MS ko GC-MS: wacce ta dace da ƙuli-ƙuli, wacce da wake?

Ƙanwata, kin tambaya wace na'ura za ki nema don bincikenki na kammala karatu, LC-MS ko GC-MS, tunda gubar da ke cikin ƙuli-ƙuli da waken kasuwar Dole kike son aunawa. To, aiki biyu kika haɗa, kuma kowanne da na'urar da ta fi dacewa da shi.

Ƙarshensu iri ɗaya ne: sashen MS, wanda ke ɗora wa ƙwayoyin sinadari caji, ya tantance su gwargwadon nauyinsu. Wajen rarrabe sinadaran kafin su isa can ne suka sha bamban. GC, mai rarrabewa da iska, tana mai da samfurin tururi, iskar heliyom ta kora shi cikin siririn bututu mai tsawon mita 30 galibi, a cikin zafi mai kaiwa digiri 300. Duk abin da ba ya tashi ya zama tururi, ko wanda zafi ke lalatawa, ba abokin tafiyarta ba ne. LC kuwa, mai rarrabewa da ruwa, a narke take ɗaukar samfurin, cikin ruwa da metanol ko asetonitiril, ta matsa shi cikin gajeren bututu cike da gari mai laushi, kowane sinadari ya fito a lokacinsa. An daɗe ana fama da yadda za a shigar da ruwa cikin sashen MS, wanda ba ya son ko iska, sai da John Fenn ya kyautata dabarar fesa ruwan da lantarki, wadda ta sa ya samu kyautar Nobel a 2002.

Gubar ƙuli-ƙuli, wato aflatoksin da fumfunar gyaɗa ke haifarwa, ba ta tashi a tururi, don haka ta LC-MS ce. Ana ganin nau'inta na B1 a lamba 313 a ma'aunin nauyi na MS, kuma na'urar na iya kama ƙasa da maikirogiram 2 a kilo, iyakar da Tarayyar Turai ta sa wa gyaɗar ci. Sai dai man da ya rage a ƙuli-ƙuli yana danne alamar, ki ga adadin ya fito ƙasa da gaskiya, sai kin tace samfurin sosai. A nawa ganin ma, in aflatoksin kaɗai kike nema, LC mai ma'aunin ƙyalli ta wadatar, kuma kuɗin bai kai ba.

Wake kuwa, abin da ake zargi piya-piya ne, wato diklorbos, wanda saboda shi Turai ta hana shigar waken Najeriya a 2015. Mai saurin tashi ne, hancinki ma shaida ne, GC-MS ta ishe shi. Tana da wani alheri kuma: yadda take farfasa ƙwayoyi bai cika canzawa daga na'ura zuwa na'ura ba, sai ki gwada sakamakonki da rumbun bayanan NIST, hukumar ma'aunai ta Amurka, ki gane sinadarin da ba ki ma zata ba. LC-MS ba ta da wannan sauƙin.

Dukansu ba sa son ɗaukewar wuta, zafin bazara da ƙurar hunturun Damagaram, don haka ki fara tambayar inda za a karɓi samfurinki tun kafin ki rubuta tsarin aikin. Kuma kada ki ɗebo daga buhu ɗaya: aflatoksin a ƴan ƙwayoyi kaɗan take taruwa, ki tara daga masu sayarwa da yawa, ki niƙa, ki gauraya, ki ajiye a wuri mai sanyi nesa da hasken rana.