Kwana huɗu a Nashbil, garin kiɗan da Baba yake so

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da wata fijo 504 da kaset ɗin Don Williams ba ya fita daga cikinta. Daga Kaduna har Zariya muryar nan mai kauri ce ke raka mu, mu yara muna baya muna gyangyaɗi. Shi ya sa da taron aiki ya kai ni Atlanta, na ware kwana huɗu na leƙa Nashbil, babban birnin jihar Tenesi, cibiyar kiɗan kantiri. Kamar awa guda ce a jirgi.

Tun a filin jirgi garin ya baza hajarsa. Ina jan akwati na ji kiɗa, na ɗauka lasifika ce, ashe wani mutum ne zaune da jita yana rera waƙa ga masu jiran jirgi. Daga nan zuwa tsakiyar gari kamar kilomita 13 ne. Ni dai bas mai lamba 18 na shiga, dala 2, amma sai da na sha jira. In da dare ka sauka ko kana da kaya, ɗauki tasi ka huta.

Masauki a tsakiyar gari akwai tsada. Otal ɗin da na sauka ba laifi wajen tsabta, sai dai ranar tafiya na ga an ƙara wasu kuɗaɗe a rasit waɗanda ban lura da su ba lokacin da na kama ɗakin ta intanet.

Daren farko na nufi titin Broadway, wanda kowa ke zuzutawa. Mashaya ce jere da mashaya, kowane bene da makaɗansa, ƙofofi da tagogi a buɗe, kiɗan wannan na dukan na wancan. Ba a biyan kuɗin shiga, makaɗan da abin da aka jefa musu a bokiti suka dogara, kamar liƙi a gidan biki. Hannunsu ya faɗa, ban musa ba. Amma warin giya, da ihun ƙawayen amare sanye da hulunan kaboyi a kan wani keke mai cin mutum goma sha, suka kore ni kafin minti arba'in. Mai son ganin titin ya je da hantsi, tun lokacin an fara kiɗa kuma ana jin me ake cewa.

Washegari ne kuɗin jirgina ya fara fita. Zauren Ryman, taku kaɗan daga wannan hayaniya, a 1892 aka buɗe shi, kuma asalinsa wurin wa'azin Kirista ne. Wani attajiri mai jiragen ruwa, Thomas Ryman, ya gina shi bayan wa'azin wani mai bishara ya ratsa shi. Har yau bencinan katako irin na coci ake zama a kai, masu sa baya ciwo. Daga 1943 zuwa 1974 a nan ake gabatar da Grand Ole Opry, shirin rediyon da ya fara a 1925 kuma bai tsaya ba har yanzu. Da za su koma sabon zaure a gefen gari, sai suka yanko wani da'irar katako daga dandalin Ryman suka dasa a tsakiyar sabon dandali, don kowane mawaƙi ya tsaya inda magabata suka tsaya. Na je na kalli shirin da dare. Kowa waƙa biyu ko uku ya sauka, tsoho ya ba yaro wuri, mai gabatarwa kuma yana karanta talla a tsakani, tunda kai tsaye ake watsawa. Wurin da nisa, sai da mota.

A gidan tarihi na Country Music Hall of Fame na kashe awa uku ban sani ba. Akwai riguna masu ƙyalƙyali da motar Elvis Presley mai adon zinariya, na wuce su da sauri. Banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya, ita ce ta tsayar da ni. Na farkonta da duma da fata aka yi su, bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma suka ƙera su, kuma duk wanda ya taɓa ganin gurmi a hannun makaɗi zai ga dangantakar. Kusa da Ryman akwai gidan tarihin kiɗan baƙaƙen Amurka da aka buɗe a 2021. A haɗa su biyun a rana ɗaya, kowanne na cike giɓin ɗan'uwansa.

Abinci sai da lura. Suna tinƙaho da soyayyar kaza mai barkono, wadda ko ɗan Kano mai cin yaji zai share hawaye, amma a kudancin Amurka har cikin wake da ganye ake jefa naman alade, don haka tambayi kafin ka ci. Sauƙina titin Nolensville ne, unguwar Kurdawa, waɗanda babu garin da suka fi yawa a Amurka kamar nan. Akwai mahautan halal, gurasa mai zafi daga tanderu, da masallacin Salahadeen inda na yi Juma'a.

Wanda bai damu da wannan kiɗa ba, kwana biyu sun ishe shi. Ni huɗun ma sun yi mini kaɗan.

Kafin in bar gidan tarihin Country Music Hall of Fame na shiga zagayayyen ɗakin da aka jera allunan tagulla na manyan mawaƙa. Na bi bango ina dubawa har na sami na Don Williams, wanda aka shigar a 2010, da hularsa yadda take a bayan kaset. Na ɗauki hoto na tura wa Hajiya. Ba ta ce komai a kan hoton ba, sai ta tambaye ni ko na tuna ranar da kaset ɗin ya sarƙe a Jaji, Baba ya faka a bakin titi yana naɗe zaren da biro.