Ma'aunin Sarƙar Keke na Park Tool CC-3.2

Duk mai burin cika dubban kilomita a kan keke a shekara, kuma yake gyaran kekensa da kansa a gida, ya kamata ya mallaki wannan ɗan ƙarfe na kamfanin Park Tool na Amurka. Aikinsa guda ne: ya nuna ko sarƙa ta lalace. Yayin da ake tuƙi, ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓin sarƙa suna cinyewa a hankali har tazararsu ta ƙaru, kuma sarƙar da ta kai wannan hali takan cinye haƙoran giyar baya, waɗanda sun fi ta tsada nesa ba kusa ba.

Ma'aunin yana da ɓangare biyu, 0.5 da 0.75, wato ƙaruwar tsawon sarƙa da kashi 0.5 ko 0.75 cikin ɗari. Ana maƙala ƙugiyarsa a gaɓa ɗaya, a sauke ɗaya bakin. Idan ya shige tsakanin gaɓoɓin ya kwanta, sarƙar ta kai wannan mataki. Masu keke mai giyar baya 11 zuwa sama su sauya sarƙa a 0.5, masu giya 10 zuwa ƙasa kuwa suna iya jira har 0.75. Abin da ya fi burge ni shi ne rashin wani sashe mai motsi da zai lalace.

Sai dai bai dace da sarƙar Flattop ta kamfanin SRAM ba, wadda ke buƙatar wani ma'aunin Park Tool irin su CC-4, kuma dole a goge dattin sarƙa kafin awo, domin busasshen mai da ƙura suna ɓoye lalacewa.