Maganin jan ƙarfe ko farar wuta: wanne ya dace da lambu mai dausayi?

A ƙasar Kamaru, a lambunan bakin kogin Binuwai kusa da Garwa, da na tudun Adamawa wajen Ngaundere inda ruwan sama ya fi yawa, cututtukan fumfuna suna addabar tumatir, albasa da kabewa a watan Agusta da Satumba, kuma manoma sukan zaɓi tsakanin maganin jan ƙarfe da farar wuta.

Maganin jan ƙarfe, wanda asalinsa haɗin Bodo ne da aka ƙirƙira a Faransa a shekarun 1880, shi ya fi dacewa da damina, domin yana manne wa ganye, yana hana ƙwayar cutar tsirowa. Sai dai rigakafi ne kawai, ba ya warkar da ganyen da ya riga ya kamu, kuma yana taruwa a ƙasa, yana cutar da kifi idan ya gangara cikin kogi.

Farar wuta tana maganin farar hodar da ke rufe ganyen kabewa da kankana, amma ruwan sama yana wanke ta, kuma tana ƙona ganye idan zafi ya wuce digiri 32, abin da ba baƙo ba ne a Garwa.

A ganina, lambu mai dausayi jan ƙarfe yake buƙata. Game da kare ƙudan zuma masu ziyartar fure daga feshin, lokacin feshi ya fi muhimmanci: furen kabewa da safe yake buɗewa, don haka a yi feshi bayan la'asar sakaliya, a kauce wa fure, kuma kada a gauraya maganin fumfunar da maganin ƙwari.